Koyar da Karatun Hoto da Rubutu Tare

Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, har zuwa zamanin Yaƙi da Jahilci, abin da a ke nufi da iya karatu shi ne haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma. Wannan ma'auni ya yi wa yaron yanzu kaɗan. Ɗan makarantar da ya taso daga Cikaji ya bi ta kasuwar Sabon Gari ya kan ci karo da allunan talla, da kwalayen magani, da hotunan 'yan takara, ga kuma bidiyon da ke yawo cikin wayoyi. A cikinsu duka rubutu na faɗar wani abu, hoto na ƙara wani, sau da yawa kuwa abin da mai talla ba ya so a kama shi da faɗa, hoto ya ke bar wa. Yaron da bai san haka ba, kwalin magani mai hoton ƙato majiyi ƙarfi ya isa ya raba shi da kuɗinsa, watakila har da lafiyarsa.

Malami ba ya bukatar kayan aiki masu tsada kafin ya fara wannan darasi. Takardar naira 200 ta isa. An fito da ita cikin 2000. A fuskarta akwai hoton Sir Ahmadu Bello, wanda jami'ar da ke Samaru ta ci sunansa, da lambobi, da Turanci, da kuma darajar kuɗin cikin Hausar ajami. A bayanta akwai shanu da kayan gona da dalar buhuna. Sai malami ya tambayi aji: wa ya zaɓi waɗannan hotuna, me kuma ya ke so mai riƙe da takardar ya ɗauka game da arzikin ƙasa? In an dace, wani yaro zai tuna cewa dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace tun kafin a buga takardar. To, a nan ne aji zai ga bambancin abin da hoto ya nuna da abin da ke akwai.

Sa'an nan a ajiye naira 20 kusa da ita. Cikin 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo cikin boko, abin da ya jawo gardama mai zafi. Ba aikin malami ba ne ya yanke hukunci. Nasa shi ne ya sa yara su faɗi wanda canjin ya sauƙaƙa wa karatu, da wanda ya bari a baya, watau kamar tsohuwar da iliminta na allo ne kaɗai.

Wahalar tana kwalejojin horon malamai, inda a kan ɗauki hoto kamar ado ne kawai na shafi. Ya kamata ɗalibin malanta ya gwada darasin a kan kansa tukuna, ya rufe rubutun wani talla da hannu ya rubuta abin da hoton kaɗai ya gaya masa, sa'an nan ya buɗe ya gwama.