Ƙurɗuba, Ishbiliya da Garnaɗa: Abin da Matafiyi Yake Tararwa a Biranen Andalus

Daga cikin biranen Turai da baƙi suke yi wa tururuwa a kowace shekara, akwai guda uku a kudancin ƙasar Sifaniya waɗanda almajirin ilimi na ƙasar Hausa ya san sunayensu tun kafin ya mallaki fasfo, su ne Ƙurɗuba da Ishbiliya da Garnaɗa, waɗanda a taswirar yau da tikitin jirgin ƙasa ake rubuta su Córdoba da Sevilla da Granada. A Ƙurɗuba aka haifi Alfazazi, mawallafin Ishiriniya da ake rerawa a zaurukan Kano da Zinder, kuma ga wannan birni ake danganta Alƙurɗubi mai tafsiri da Ibnu Rushdi mai Bidayatul Mujtahid. Ibnul Arabi Bamalike, mai Ahkamul Ƙur'ani, mutumin Ishbiliya ne. Ibnu Asim kuwa, wanda littafinsa Tuhfatul Hukkam yake hannun alƙalan arewacin Najeriya har gobe, alƙalin Garnaɗa ne. Saboda haka mai zuwa waɗannan garuruwa daga nan yakan tafi da wani hoto da ya ɗauko daga littattafai, sai ya isa ya tarar da birane na Turawan Sifaniya, masu bin ɗariƙar Katolika, masu rayuwarsu ta yau, kuma daɗin tafiyar ko ɗacinta ya dogara ne a kan yadda ya iya haɗa abin da ya karanta da abin da idonsa ya gani.

Andalus shi ne sunan da Larabawa suka ba yankin da Musulmi suka mallaka a zirin ƙasar da ya ƙunshi Sifaniya da Fotugal, tun daga shekarar 711 da Ɗariƙu bin Ziyad ya ƙetare teku daga arewacin Afirka, har zuwa 2 ga Janairu 1492 da sarkin Garnaɗa na ƙarshe ya miƙa makullan birninsa ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella. Ƙurɗuba ta koma hannun Kirista a 1236, Ishbiliya a 1248, ragowar zuriyar Musulmi kuwa, waɗanda aka tilasta musu shiga Kiristanci, an kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614.

Kafin duk wannan ya zama abin kallo, matafiyi daga Najeriya ko Nijar ko Ghana yana bukatar bizar Shengen, wato izinin shiga da ƙasashen Turai da dama suka yi tarayya a kansa, wanda yake ba mutum damar zama na kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma tun daga Yunin 2024 kuɗin nemansa ya koma Yuro 90 ga baligi, ba a kuma mayar wa wanda aka hana. Ana neman shaidar masauki da tikitin dawowa da inshorar lafiya da bayanin asusun banki, kuma ’yan Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda aka fi hana wa wannan biza, lamarin da yake sa tafiyar kwana goma ta ci shiri na watanni. Wanda ya samu kuwa, hanya mafi sauƙi ita ce ya sauka a Madrid ya shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ake kira AVE, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1992 tsakanin Madrid da Ishbiliya, yana kai mutum Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa 2, Ishbiliya kuma cikin kimanin awa 2 da rabi.

A Ƙurɗuba ya kamata a jinkirta, domin a nan babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsere daga Sham, ya fara ginawa a wajajen 785 yake, wanda magadansa suka yi ta faɗaɗa shi har zuwa ƙarshen ƙarni na 10. Baƙo yakan shiga ta wani fili mai itatuwan lemo, inda a da ake alwala, sannan ya faɗa cikin wani ɗaki mai ɗan duhu da sanyi wanda ginshiƙai fiye da 800 suke riƙe da shi, da yawansu an ɗebo su ne daga tsofaffin gine-ginen Rumawa, kuma da yake ginshiƙan gajeru ne sai magina suka ɗora baka biyu a kan juna, ɗaya bisa ɗaya, domin rufin ya yi tsawo, suka jera jan bulo da farin dutse bi da bi a jikinsu. Duk inda mutum ya juya sai ya ga sahu-sahu na ginshiƙai sun miƙe har ido ya gaza, kuma wannan ya dace da manufar ginin, domin an tsara shi ne ga jama'a masu tsayawa kafaɗa da kafaɗa, babu wani wuri guda da ya fi wani ɗaukar ido sai alƙibla. Mihrabin da Halifa Alhakam na Biyu ya sa aka yi bayan 961 an ƙawata shi da ƙananan gilasai masu ruwan zinare waɗanda aka jera ayoyin Alƙur'ani da su, kuma gwanin da ya jagoranci aikin daga Ƙusɗanɗiniya ya zo, wato daga fadar sarkin Rumawa Kirista. Mai lura zai gane cewa mihrabin ya fi fuskantar kudu maimakon kudu maso gabas inda Makka take, al'amarin da masana tarihi suka daɗe suna tattaunawa a kansa.

A tsakiyar wannan dajin ginshiƙai ne baƙo yake karo da abin da littafi bai shirya masa zuciya a kansa ba, wato babbar majami'a mai dogon rufi da gumaka da kujerun mawaƙa, wadda aka fara ginawa a 1523 bayan an cire wani sashe na ginshiƙan. Ginin dai coci ne tun 1236, ana ibada a cikinsa kullum, kuma ba a yarda Musulmi ya yi salla a ciki ba, masu gadi suna hana duk wanda suka ga ya tayar da kabbara ko ya yi sujada. Wannan yana yi wa Musulmi nauyi ƙwarai, kuma babu laifi a faɗi haka. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen, domin manyan masallatan sauran biranen Andalus rushe su aka yi, wannan kuwa mayar da shi coci yana daga cikin abin da ya sa aka ci gaba da gyara rufinsa da kula da shi shekara kusan 800. Su kansu mutanen Sifaniya ba su gama muhawara a kansa ba, musamman tun da aka gano cewa hukumar cocin ta yi rajistar ginin da sunanta a 2006, abin da ya sa wasu ’yan ƙasar suka yi ta neman a ɗauke shi a matsayin dukiyar al'umma baki ɗaya. Mafi alheri ga baƙo shi ne ya je da sassafe kafin ayarin ’yan yawon buɗe ido su cika wurin, ya ba shi awa 2 ko fiye, kada ya ɓata lokacin wajen ɗaukar hoto kawai.

Kimanin kilomita 8 yamma da birnin akwai kangon Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya fara ginawa a wajajen 936, bayan ya naɗa kansa halifa a 929, wanda bai cika shekara 80 ba aka wawashe shi a yaƙin basasar da ya wargaza halifancin, kuma Musulmi ne da kansu suka yi wannan ɓarna. Baƙi da yawa suna tsallake shi saboda ƙarancin lokaci, alhali ganinsa yana gyara fahimtar mutum game da yadda Andalus ta faɗi, domin rarrabuwar cikin gida ta riga mamayar waje. A cikin tsohon garin Ƙurɗuba kuwa, lunguna ƙanana ne masu fararen katangu, gidajen suna juya wa titi baya suna buɗewa ga tsakar gida mai rijiya da tukwanen furanni, tsarin da Bahaushen da ya tashi a gida mai zaure ba zai ji shi baƙo ba, kuma a watan Mayu masu gidajen suna buɗe ƙofofinsu ga jama'a a wani biki na shekara-shekara.

Ishbiliya ta fi Ƙurɗuba girma da hayaniya, ita ce hedikwatar yankin, kuma abin da ya rage na babban masallacinta shi ne filin alwala da hasumiyar da sarakunan Muwahhidai suka gina tsakanin 1184 da 1198, wadda ake kira Giralda, aka ƙara mata ɗakin ƙararrawa a sama a ƙarni na 16. Ba matakala ake hawa a cikinta ba sai gangara mai zagayawa. Kusa da ita akwai fadar Alkazar, wadda mafi kyawun sashenta Sarki Pedro, Kirista, ya sa magina Musulmi suka yi masa daga 1364, har da rubutun Larabci a bango, shaidar cewa sana'ar hannu ta ci gaba da rayuwa bayan mulki ya sauya.

Garnaɗa ce ta fi bukatar shiri, domin fadar Alhamra, wadda sarakunan Banu Nasar suka fara ginawa a 1238 a kan tudun da ke kallon birnin, tana karɓar baƙi fiye da miliyan 2 a shekara, kuma an ƙayyade adadin masu shiga kowace rana. Tikitin ɗakunan sarauta yana ɗauke da sunan mai shi da lokacin shigarsa, ana duba shi tare da fasfo, wanda ya makara kuwa ya yi asara, saboda haka sai a saya ta intanet makonni kafin tafiya. Daga waje ginin ganuwa ce ja marar ado, daga ciki kuwa babu tafin hannu guda na bango da aka bari ba zane, da sassaƙen farar ƙasa da tayil masu launi da rubutun Larabci, wanda ya haɗa da ayoyi, da baitocin mawaƙin fada Ibnu Zamrak, da taken gidan sarautar mai nuna cewa rinjaye na Allah ne Shi kaɗai, wanda aka maimaita sau ɗaruruwa. A nan mai karatun allo yana da wani fifiko a kan mafi yawan waɗanda suke tsaye kusa da shi, domin abin da suke gani a matsayin ado shi yana iya karanta shi. Mafi shaharar sassan fadar an yi su ne a ƙarni na 14, a zamanin Yusufu na Ɗaya da ɗansa Muhammadu na Biyar, ciki har da filin da zakoki 12 na dutse suke ɗauke da kwandon ruwa, kuma ruwan da yake gudana a duk fadar da lambunanta an janyo shi ne daga kogin Darro ta wata magudana mai nisan kimanin kilomita 6, ba tare da inji ba, sai lissafin gangaren ƙasa.

Daga wannan birni ne mutum biyu suka fito waɗanda tarihinsu ya taɓa Afirka ta Yamma kai tsaye. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙi kuma masanin gini, ya haɗu da Mansa Musa na Mali a aikin hajjin 1324 ya biyo shi, kuma a Tumbutu ya rasu. Alhasan Alwazzan kuwa, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, an haife shi a Garnaɗa dab da faɗuwarta, ya tashi a Fas, kuma littafinsa da aka buga a Venice a 1550 yana cikin na farko da suka gabatar wa Turawa labarin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Mai son yin salla cikin jam'i a Garnaɗa zai hau tudun Albaisin, tsohuwar unguwar Musulmi da ke fuskantar fadar, inda aka buɗe sabon masallaci a 2003 ta ƙoƙarin ’yan Sifaniya da suka musulunta, kuma a gangaren unguwar akwai layin shagunan shayi da gidajen abinci na ’yan Maroko inda ake samun naman halal ba wahala.

Batun abinci da lokaci shi ne ya fi rikita baƙo a kwanakin farko. Naman alade yana cikin abincin Sifaniya sosai, ana rataye cinyoyinsa busassu a shaguna, ana kuma barbaɗa shi a kan miya da kayan lambu ba tare da an ambata ba, saboda haka tambaya kafin ci wajibi ce, kifi da ƙwai da dankali kuwa suna wadatarwa. Ana cin abincin rana wajen ƙarfe 2, na dare wajen ƙarfe 9, ƙananan shaguna da yawa suna rufewa da tsakar rana, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 da rabi na dare, abin da yake tura isha'i har wajen sha ɗaya. A wuraren cunkoso akwai masu yankan aljihu, da mata masu miƙa wa baƙo reshen ganye kamar kyauta sannan su nemi kuɗi, kuma baƙar fata yana iya gamuwa da ɗan sanda mai tambayar takardu fiye da yadda ake tambayar wasu, don haka kada fasfo ya yi nisa da shi. Zai kuma ga ’yan'uwansa ’yan Afirka ta Yamma, musamman ’yan Senegal, suna talla a bakin titi, waɗanda da yawansu ta teku suka shigo da ransu a hannu, kuma sallama gare su da ɗan tsayawa a gaisa yana daga cikin haƙƙin tafiyar.

Zafin Ƙurɗuba da Ishbiliya a watannin Yuli da Agusta yakan haura digiri 40, kuma da yake tsofaffin unguwannin da ƙafa ake zaga su a kan daɓen duwatsu, watannin Afrilu da Mayu da Oktoba sun fi dacewa, sai dai a makon Ista da lokacin bikin bazara na Ishbiliya kuɗin masauki yakan tashi ƙwarai. Mako guda yana isa a ga biranen uku ba tare da gaggawa ba, idan aka ba Ƙurɗuba kwana 2, Ishbiliya 2, Garnaɗa 3, aka kuma fara sayen tikitin Alhamra kafin a tsara sauran ranakun a kansa.