Lita Nawa, Kofi Nawa? Mu San Awon Ruwan da Muke Sha

A kasuwar Nima ko ta Mamobi ba mai iya cutar iyayenmu mata a awon gari. Sun san olonka, sun san rabinsa, sun san gwangwanin da aka danne wa gindi. Amma ranar da ɗaya daga cikinsu ta je asibiti likita ya ce, "Hajiya, kada ki wuce lita ɗaya da rabi a rana," sai ta amsa da to, ta dawo gida ba ta san ko moɗa nawa ke nan ba. Mu 'yan kwamitin lafiya mun sha jin wannan tambaya idan mun je gaishe da marasa lafiya: wai ita litar nan kofi nawa ce?

Tambaya ce mai nauyi. Asibiti da lita da mililita yake magana, mu kuwa a gida da kofi da moɗa da tambulan muke sha. Idan ba a haɗa awon biyu ba, mai ciwon ƙoda zai iya shan fiye da abin da jikinsa zai ɗauka, uwa kuma za ta iya haɗa wa ɗanta ruwan gishiri da sukari ba daidai ba, alhali kowannensu yana ganin ya bi maganar likita.

Lissafin da sauƙi

Lita ɗaya mililita 1,000 ce. A jikin kwalba ana rubuta mililita da "ml", lita kuma da "L". Wasu kwalabe suna ɗauke da "cl": a nan sai a ƙara sifiri ɗaya, wato 50cl shi ne 500ml, 75cl kuma 750ml.

Mun yi sa'a, muna da ma'auni a kowane lungu na zango, wato ledar fiya wata. Leda ɗaya 500ml ce, rabin lita. Leda biyu lita ɗaya ke nan. Kofin da ma'aikatan lafiya suka fi nufi idan sun ce "kofi ɗaya" shi ne mai cin 250ml, rabin ledar fiya wata. Da wannan kofin, lissafin ya zama haka:

Leda ɗaya ta fiya wata: kofi 2.
Lita ɗaya: kofi 4.
Babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi: kofi 6.
Lita biyu: kofi 8, ko leda 4.
Jakar fiya wata mai leda 30: lita 15, kofi 60.
Galan Kufuor mai lita 20: kofi 80. Mai lita 25: kofi 100.

Dokar guda ce: a ninka yawan lita sau huɗu, a sami yawan kofi. Wannan lissafi yana taimaka wa maigida ma wajen cefane. Gidan da ke da mutum takwas, idan kowa zai sha lita biyu, lita 16 ake bukata a rana. Jakar fiya wata ɗaya ba ta kai ba, balle ta kwana biyu. Idan kuwa tana kwana biyu ko uku a irin wannan gida kuma ba wani ruwan sha daban, to mutanen gidan ba sa shan isasshen ruwa.

Kowa ya auna kofinsa

Inda gizo ke saƙa shi ne, kofunanmu ba girmansu ɗaya ba. Akwai ɗan tambulan na baƙi, akwai kofin silba na Alhaji, akwai babban kofin roba mai hannu da ake ajiyewa a kan randa. Idan aka ce wa mutum uku su sha kofi shida, wani zai sha lita ɗaya da 'yan kai, wani ya sha lita uku.

Maganin wannan aikin minti biyu ne. A ɗauki kofin da aka saba sha da shi, a fasa ledar fiya wata ɗaya, a zuba har inda aka saba cikawa. Idan ledar ta cika kofin sau biyu cif, kofin 250ml ne, huɗu ke yin lita. Idan ta cika shi sau biyu kuma ragowar ta kai rabinsa, 200ml ne, biyar ke yin lita. Idan ta cika shi sau ɗaya, na biyu ya tsaya a kashi biyu cikin uku, 300ml ne, uku da ɗan ƙari ke yin lita. Idan kuwa ledar gaba ɗaya ta shige a zubi ɗaya, kofin rabin lita ne, biyu kawai ke yin lita.

Da an gane, sai a ɗaura wa kofin zare a hannu ko a ɗiga masa fenti, kowa a gidan ya san wannan shi ne kofin awo. Sau ɗaya ake yi, ya yi amfani shekara da shekaru.

Yaro mai gudawa

A nan ne kuskuren awo ya fi haɗari. Waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2014 a Accra sun san yadda gudawa da amai ke tsotse mutum cikin 'yan sa'o'i. Garin ORS da ake sayarwa a kantin magani yana ceton rai, amma sai an narkar da shi a daidai ruwan da aka rubuta a jikin fakitin. A karanta, ko a sa yaro ɗan makaranta ya karanta, domin ba duka suke ɗaya ba: wani na lita ɗaya ne, wani na 600ml.

Idan na lita ɗaya ne, leda biyu ta fiya wata za a zuba a kwano mai tsabta. Idan na 600ml ne, a nemi kwalbar lemo da aka rubuta 300ml a jikinta, a wanke ta sosai, a auna sau biyu. Mun taɓa tarar da wata baiwar Allah ta juye fakitin lita ɗaya cikin leda guda, wai don maganin ya fi ƙarfi. Niyyarta mai kyau ce, amma hakan ninka gishirin ne sau biyu, kuma gishiri mai yawa yana ƙara janye ruwa daga jikin yaro, har yakan kai ga jijjiga. Idan kuma ruwan ya yi yawa, maganin ya yi tsararo, ba zai mayar da abin da jiki ya rasa yadda ya kamata ba.

Idan dare ya yi babu fakiti a gida, a haɗa ƙaramin cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, shafaffu ba masu tozo ba, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A ɗanɗana: kada ya fi hawaye gishiri. Bayan kowace gudawa, yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi 50ml zuwa 100ml, wato abin da bai kai rabin kofinmu na 250ml ba, da cokali, kaɗan-kaɗan. Daga shekara biyu zuwa goma, 100ml zuwa 200ml, wato kusan rabin kofi zuwa kusa da cikawa. Babba ya sha gwargwadon yadda yake so. Abin da ya kwana ya wuni, sa'a 24, a zubar a haɗa sabo. A ci gaba da shayar da nono, a nemi ƙwayar zinc da ake ba yara kwana 10 zuwa 14. Idan yaro ya kasa sha, ko idanunsa sun faɗa, ko jikinsa ya saki, ko an ga jini a bayan gida, sai asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Wanda aka taƙaita wa ruwa

Wasu daga cikin dattawanmu masu ciwon ƙoda ko raunin zuciya, likita yakan yanka musu iyaka. A wurinsu ruwa mai yawa yana taruwa a jiki, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, iyakar ba ta tsaya a kan farin ruwa kaɗai ba. Koko na safe yana ciki, haka shayi, fura, burkina, sobolo da romon miya.

Ga dabarar da muke ba masu jinya. Da asuba a auna adadin da likita ya faɗa a zuba a gora ɗaya. Idan lita ɗaya ce, leda biyu. Idan ɗaya da rabi ce, leda uku. Duk ruwan da mara lafiya zai sha, har na haɗiyar magani, daga gorar zai fito. Idan ya sha koko kofi ɗaya, a tsiyaye kofi ɗaya daga gorar a zuba a buta. Da gora ta ƙare, rabon ranar ya ƙare. Ba sai an riƙe lissafi a ka ba, kuma duk wanda ya karɓi jinya da yamma zai ga abin da ya rage da idonsa.

Mai lafiya fa?

Ana yawan cewa kofi takwas a rana. Yanzu mun san ma'anarsa: lita biyu, leda huɗu. Ma'auni ne mai kyau na farawa, amma ba doka ba ce da ta hau kowa. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a 2010, ta ƙiyasta lita 2 ga mace da lita 2.5 ga namiji a rana, har da ruwan da ke cikin abinci, kuma don ƙasashe masu matsakaicin yanayi. Mai dako a kasuwa, da mai tuya a bakin wuta, da mai shayarwa, a zafin Maris na Accra, bukatarsu ta wuce haka. Fitsari ne mai ba da labari: idan ya fito fari-fari, ruwa ya isa, idan ya yi ja kuma kaɗan, a ƙara.

Tsofaffi sai an kula da su musamman, domin ƙishirwa ba ta kama su da wuri kamar matasa. Kaka za ta iya wuni da kofi biyu ta ce ba ta jin komai. Kada a jira ta nema. A haɗa shan ruwan da salla: kofi ɗaya bayan kowace salla kofi biyar ke nan, a ƙara ɗaya a kowane cin abinci, an kai takwas ba tare da wahala ba.

Da azumi kuma, kofi takwas ɗin nan a raba shi tsakanin magariba da asuba: biyu a buɗa-baki, biyu bayan abinci, biyu bayan asham zuwa lokacin kwanciya, biyu a sahur. Kwankwaɗar lita guda a tashi ɗaya dab da kiran salla, yawancinsa fitsari zai zama kafin hantsi. Masu ciwon sukari, ƙoda ko zuciya su ga likitansu kafin watan ya kama.

Roƙonmu ga kowane gida shi ne, yau ɗin nan a sayi leda ɗaya a auna kofi. Wanda lissafin ya rikice masa, ya zo da kofinsa taronmu na gaba, mu auna tare. Idan kuma aka je asibiti likita ya ambaci lita, kada a ji nauyin tambayarsa: "Likita, ledar fiya wata nawa ke nan?" Zai fahimta, kuma amsar za ta zauna a kai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana.