Ganyen darbejiya da ɓarɓashin azurfa mai kashe ƙwayoyin cuta

Masana kimiyya na amfani da ganyayen itatuwa wajen samar da wani irin ɓarɓashin azurfa da ido ba ya iya gani, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta.

Girman kowane ɗaya ba ya wuce nanomita 100, alhali kuwa kaurin silin gashin ɗan Adam kan kai nanomita dubu 80.

A shekarar 2004 ne wasu masu bincike a birnin Pune na ƙasar Indiya suka nuna cewa ruwan dafaffen ganyen darbejiya na iya yin wannan aiki.

Akan zuba ruwan ganyen cikin narkakken gishirin azurfa. Sinadaran ganyen sai su mayar da gishirin tsantsar azurfa, su kuma lulluɓe ɓarɓashin don kada ya dunƙule. Alamar aiki ya yi ita ce ruwan ya koma launin ƙasa-ƙasa.

Hanyar na da araha, kuma ta rage buƙatar sinadarai masu guba.

Dama dai ana saka ɓarɓashin azurfa a bandejin ƙuna, da safa, da matatun ruwa.

Sai dai haɗa shi da ganye bai sa ya zama abin sha ba. Azurfar da ta taru a jiki kan mayar da fata shuɗiya-shuɗiya, kuma launin ba ya gushewa. Haka nan tana kashe kifaye idan ta kwarara cikin koguna.

Tun a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba a tabbatar da amfani ko rashin illar magungunan ruwan azurfa da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba.