Injin Rake na Doki: Gadon da Zazzau Ke Neman Mantawa

Duk wanda aka ce ya lissafa kayan tarihin birnin Zariya, da ganuwa zai fara, ya bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, ya ƙare da fadar Sarki da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu. Da wuya ya tuna da curin mazarƙwailar da ke jere a kan faifai a kasuwar birni, balle injin da ya matso ruwan raken da aka dafa ta da shi. Alhali kuwa wannan inji da doki ke juyawa shi ne namu a madadin injinan iska da na ruwa da wasu ƙasashe ke tinƙaho da su, kuma ya cancanci a adana shi tun kafin 'yan gwangwan su ɗora na ƙarshe a sikeli.

Kowace ƙasa da irin ƙarfin da Allah ya hore mata take aiki. Mutanen Holan iska suke da ita, ga ruwa yana neman cinye musu gonaki, shi ya sa suka gina injinan iska 19 a Kinderdijk wajajen 1740 don kwashe shi. A Zazzau kuwa kogunan Kubanni da Galma da damina suke cika, da rani su janye, wato daidai lokacin da rake ya nuna kuma ake bukatar matsa. Kogi irin wannan ba ya riƙe injin ruwa. Hatsi kuma turmi da taɓarya da dutsen niƙa sun daɗe da ɗauke nauyinsa a hannun mata. Abin da ƙasar ke da shi a wadace shi ne fadama da doki, don haka injin da ya haɗa waɗannan biyun shi ya samu gindin zama.

Dafa sukari ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya ratsa tsakanin Wurno da Sakkwato a 1853, ya ga gonar rake a wani kwari, daga baya ya gane cewa mai ita wani Bafulatani ne da ya yi shekara 25 yana bauta a Brazil, kuma da kansa yake sarrafa sukari. Injin ƙarfe ya zo ne a zamanin Turawa, kuma a ƙasar Zazzau ana danganta farkonsa da 'yan mishan da suka kafa zango a Gimi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya sa sukarin waje ya yi wuya, sana'ar ta ƙara bunƙasa, injinan da ake kawowa daga Indiya suka bazu a ƙauyuka. Ta haka Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi suka yi suna, kayansu suna kwararowa birni, inda ake zuba su a koko da kunu, ake kuma yin alewa da su.

Aikin kansa abin kallo ne. A tsakiyar fili an kafe inji mai gangunan ƙarfe a tsaye, an ɗora masa doguwar sanda a ka, an ɗaura doki a ƙarshenta. Doki na zagaye, mai ba inji rake na tsugune yana tura kara, yana sunkuyar da kai duk sanda sandar ta zo wucewa. Ruwan na tsiyaya cikin garwa, tuƙar kuma a shanya ta a rana ta zama makamashin da za a hura a ƙarƙashin faffaɗan kaskon dahuwa, don haka rake ne ke dafa kansa. Mai dahuwa yana kwashe kumfa yana juyawa, kuma ba shi da ma'aunin zafi sai ido da hanci. In ya sauke da wuri ba za ta daskare ba, in ya makara ta ƙone ta yi ɗaci. Sai ta kai yadda yake so ya zuba a 'yan kwanoni, ta huce ta fito da siffarsu.

Wani zai ce ai ƙarfen Indiya ne, ina ruwansa da gadon Bahaushe? Amsa ita ce, gado ba a masaƙarsa ake gane shi ba, a hannun da ya riƙe shi ne. Injin iska na Morgan Lewis a tsibirin Barbados, wanda ya matsi rake har zuwa 1947, fasaharsa daga ƙetare ta je, amma mutanen can sun gyara shi sun mai da shi wurin ziyara, domin tarihin kakanninsu, har da na bautar da suka sha a gonakin rake, yana tattare da shi. Haka namu yake. Horon dokin, ginin murhun, gyaran da maƙeri ke yi wa haƙoran inji, da sanin lokacin sauke kasko, duk a nan aka koye su, uba ya miƙa wa ɗa.

Wani kuma zai ce zamani ya wuce wurin, injin mai ya fi sauri, ya kuma hutar da dabba. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ke da hurumin cewa manomi ya koma wahala don masu kallo su ji daɗi. Abin da ake nema shi ne kada a bar sanin ya bi tsofaffi kabari. Holan ba da injin iska take niƙa garin da take ci yau ba, amma tana horar da masu sarrafa shi, har hukumar UNESCO ta sa sana'arsu cikin jerin al'adun duniya a 2017. Sun gane cewa injin da ba ya juyawa tsatsa ce makomarsa. Ga kuma darasin tattalin arziki: Nijeriya har yanzu daga waje take shigo da mafi yawan ɗanyen sukarinta, galibi daga Brazil, alhali manoman Zazzau sun daɗe suna mai da rake sukari a bakin gona ba tare da sun jira kamfani ba. Ɗalibin aikin injiniya da ke son ƙera wa ƙauye ƙaramin inji, daga nan ya kamata ya soma.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na kuɗi: ganuwa na zaizayewa, ana haƙar ƙasarta, wa zai kula da injin rake? Rushewar wani sashe na Masallacin Juma'a a watan Agustan 2023, da rayukan da aka rasa, ta nuna mana kuɗin jinkiri ya fi na gyara. Kuma wannan aiki bai kai ginin ƙofa ɗaya tsada ba. Inji guda, kasko guda, doki guda da rumfa sun isa. Sai Masarautar Zazzau ta ba da fili a cikin birni, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta yi masa rajista, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello su ɗauki bayanan tsofaffin masu dahuwa da murya da hoto. Duk kakar rake a ɗaura doki, a kawo 'yan makaranta su gani su ɗanɗana, tun da gani ya kori ji.

Saboda haka, duk wanda ke da tsohon injin rake a jibge a bayan gida, ya dakata kada ya sayar da shi a kilo. Wanda kuma ya san dattijon da ya iya dahuwar mazarƙwaila, ya je ya zauna da shi tun yana iya bayani.