Ciwon Kafaɗa Da Ya Ƙi Tafiya: Tausa Ko Motsa Jiki?

Ciwon kafaɗa ba ya kwantar da mutum kamar zazzaɓi, sai dai ya riƙa ƙwace masa ƙananan ayyukan yau da kullum ɗaya bayan ɗaya. Mace ta ɗaga hannu za ta ɗaura ɗankwali, sai hannun ya tsaya a rabin hanya. Magidanci zai zura babbar riga, sai ya nemi yaro ya riƙe masa hannun rigar. Tela, direban babbar mota, mai gini, matar da ke daka da surfe, duk sun san shi. Da dare kuma abin ya fi tsanani, domin da an juya an kwanta a ɓangaren sai barci ya yanke. Idan ciwon ya wuce wata uku bai lafa ba, likitoci kan sa shi a layin ciwo mai daɗewa, kuma yana cikin ciwukan gaɓoɓi da suka fi kai mutane asibiti, tare da ciwon baya da na gwiwa.

Dalilin wahalar kafaɗa yana cikin ƙirarta. Ƙashin cinya ya nutse ne cikin rami mai zurfi a ƙugu, amma kan ƙashin dantse yana zaune ne kamar ƙwarya a kan gammo, wurin zaman bai kai girman abin da aka ɗora masa ba. Wannan ne ya ba hannu damar juyawa ta kowace fuska, ba wata gaɓa a jiki da ta kai ta sakewa. To amma tunda ƙashi bai riƙe ta ba, aikin riƙon ya koma kan tsokoki huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka zagaye gaɓar kamar ɗamara, da kuma wata jaka ta tantani da ta lulluɓe gaɓar baki ɗaya. Yawancin ciwon da ke daɗewa daga ɗayan biyun nan yake fitowa: ko dai jijiyoyin tsokokin huɗun sun gaji sun raunana, ko kuma jakar ta kumbura ta takure har kafaɗar ta sandare.

Bambancin yana da muhimmanci. Mai ciwon jijiyar tsoka, idan ya saki jiki wani ya ɗaga masa hannun a hankali, hannun zai tafi sama. Mai sandararriyar kafaɗa kuwa, ko wa ya ɗaga, hannun ba zai wuce inda ya tsaya ba, musamman wajen juya shi waje. Wani likitan fiɗa na birnin Boston a Amurka, Ernest Codman, shi ne ya fayyace wannan sandarewa a littafinsa na 1934. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa a mata, kuma masu ciwon suga sun fi kowa kamuwa da ita nesa ba kusa ba. Takan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ta saki. Duk wanda kafaɗarsa ta sandare haka kawai ba faɗuwa ba bugewa, gwajin suga ya zama masa dole.

Abin da ake nufi da aikin hannu a asibiti ya bambanta da tausar da ake yi a gida da man zafi. Ƙwararren sashen gashi yana kama kan ƙashin dantsen ne ya riƙa zamar da shi kaɗan-kaɗan cikin mazauninsa, gaba ko baya ko ƙasa, da ƙarfin da ya auna daidai da yanayin ciwon. Geoffrey Maitland na ƙasar Ostireliya ya tsara wannan mataki-mataki, daga girgiza mai laushi ta rage zafi zuwa turawa mai zurfi ta sassauta tauri. Brian Mulligan na Niyuzilan ya ƙara wata dabara, inda ƙwararren zai riƙe gaɓar a wani matsayi, mara lafiyan kuma ya ɗaga hannun da kansa. Sau da yawa mutum kan tashi daga gadon ya ji hannun ya ɗan ƙara sama, zafin ya ragu. Wannan sauƙin gaskiya ne. Tambayar ita ce kwana nawa yake yi.

A 2010 mujallar likitanci ta BMJ ta buga wani gwaji da Kim Bennell da abokan aikinta suka yi a birnin Melbon. Sun raba mutum 120 masu daɗaɗɗen ciwon jijiyar kafaɗa gida biyu. Rabi aka yi musu aikin hannu da motsa jiki na mako 10. Sauran rabin kuma aka riƙa shafa musu mai ana goga musu na'urar da ba a kunna ba, su ba su sani ba. Da aka auna a mako na 11, ɓangarorin biyu duk sun samu sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Sai a mako na 22 ne waɗanda suka ci gaba da motsa jikin a gida suka ɗan zarce wajen amfani da hannun. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci na duniya, ta tattara gwaje-gwaje 60 a 2016 kan wannan batu, ta samu cewa yawancinsu ƙanana ne masu rauni, kuma na Melbon ɗin nan kaɗai ya kwatanta haɗin aikin hannu da motsa jiki da maganin bogi.

Wannan sakamako ya koyar da abubuwa biyu. Lokaci da kulawa su kansu suna rage ciwon kafaɗa, shi ya sa kowane mai magani, na asibiti da na gargajiya, yake da labarin wanda ya warke a hannunsa. Sannan abin da ke ɗorewa shi ne abin da mara lafiya ya yi da tsokarsa, wanda aka yi masa yana kwance ba ya nisa.

Mafi jan hankali shi ne abin da ya faru a Suwidin. A 2012 Theresa Holmgren da abokanta suka ɗauki mutum 102 waɗanda tuni an sa su a layin tiyatar kafaɗa. Kashi ɗaya aka koya musu atisaye na musamman na ƙarfafa tsokokin nan huɗu da masu riƙe allon kafaɗa, haɗe da ɗan aikin hannu, na tsawon mako 12. Ɗaya kashin aka ba su motsin wuya da kafaɗa na gama-gari. Bayan an gama aka tambayi kowa ko har yanzu yana son a yi masa aiki. A cikin masu atisaye na musamman, kashi 20 cikin 100 ne kawai suka ce a yi. A ɗaya ɓangaren kuwa kashi 63 ne.

Ita tiyatar kanta ba ta tsira ba. Tun 1972 da likitan Amurka Charles Neer ya bayyana cewa ƙashin saman kafaɗa ne ke gugar jijiya, aka shiga kankare wannan ƙashi, kuma aikin ya yaɗu ƙwarai a ƙasashen Turai da Amurka. Sai a 2018 mujallar Lancet ta buga gwajin da masu bincike na Jami'ar Oksfod suka jagoranta a kan mutum 313. Wasu aka kankare musu ƙashin, wasu aka sa musu maganin barci aka zura na'urar leƙe aka fitar ba a taɓa komai ba, wasu kuma ba a yi musu aiki ba. Waɗanda aka kankare wa ƙashi ba su fi waɗanda aka leƙa kawai samun sauƙi ba. A shekarar ce kuma wani gwaji a ƙasar Finlan ya zo da irin wannan sakamako. A 2019 kwamitin ƙwararru da BMJ ta tara ya ba da shawara mai ƙarfi cewa a daina wannan tiyata ga masu irin wannan ciwo. Wannan bai shafi wanda ya faɗi ko ya yi haɗari jijiyarsa ta tsinke nan take ba, shi kam yana bukatar likitan ƙashi ya gan shi da wuri.

Hoton asibiti ma yakan tsorata mutane fiye da kima. A wani ƙauye a Japan an yi wa mutum sama da 600 sikanin kafaɗa, aka samu kusan ɗaya cikin biyar jijiyarsa a yage take, kuma kusan biyu bisa uku na masu yagewar ba sa jin ciwon komai. Yawan shekaru ne ke kawo ta. Don haka takardar hoto da ta ce akwai yagewa ba hukuncin wuƙa ba ce.

To wane irin motsa jiki? A farko, lokacin da zafi ya yi yawa, mutum ya sunkuya ya dafa tebur da hannun lafiya, ya saki mai ciwon yana reto gaba da baya, sannan zagaye. Codman ne ya kawo wannan, har yau ana amfani da shi. Daga nan sai a kwanta rigingine a riƙe sanda da hannu biyu, hannun lafiya ya taimaka wa ɗan'uwansa zuwa sama. Ana kuma tsayawa gaban bango a riƙa hawa da yatsu. Matakin da ya fi muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne na ƙarfafawa: a manne gwiwar hannu da haƙarƙari, a tura bayan hannu jikin bango na ɗan lokaci a saki, daga baya a koma jan roba zuwa waje, ko tsohon tub na keke ya wadatar, sannan ɗaga gorar ruwa a sauke ta sannu a hankali, ana ƙara nauyi mako bayan mako. Ɗan zafi lokacin atisaye ba laifi ba ne, muddin mutum na iya jurewa kuma ya lafa kafin gobe. Idan ya kwana yana zugi, an zarce, sai a rage. Wanda ya naɗe hannu a ƙirji yana jiran ciwo ya tafi kafin ya motsa, shi ne ke gayyato tauri.

Akwai labari mai daɗi ga wanda asibiti ya yi wa nisa. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka buga a 2021, mai mutum 708, ya kwatanta waɗanda suka je wajen ƙwararre har sau shida da waɗanda suka je sau ɗaya aka duba su, aka koya musu atisayen, aka ba su takardar bayani suka koma gida. Bayan shekara guda sakamakonsu ɗaya ne. Allurar sitiroyid da aka yi wa wasu a kafaɗa ta rage zafi a makonni takwas na farko, daga nan amfaninta ya ɓace. Ga mutumin ƙauye da zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ke ci masa kuɗin mota da yini guda, ma'anar wannan ita ce zuwa ɗaya mai kyau da ɗorewa a gida na iya wadatarwa.

Sandararriyar kafaɗa tana da nata hukuncin. A farkonta, lokacin da zafi ya fi tauri yawa, allurar nan ta fi aikin hannu saurin kawo sauƙi, sai dai takan ɗaga sukarin mai ciwon suga na 'yan kwanaki. Miƙarwa da aikin hannu sun fi amfani bayan zafin ya kwanta. Abin da ba ta so ko kaɗan shi ne fizga. Masu ɗori na gargajiya suna da matsayinsu a cikin al'umma, amma a nan babu karaya babu targaɗe, kuma murɗa hannun dattijo da ƙarfi da sunan mayar da gaɓa na iya karya ƙashi ko yaga jijiya, garin neman gira a rasa ido. Haka nan wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, bai kamata 'yan jinya su riƙa ɗago shi ta hannun da ya mutu ba, nan ne ciwon kafaɗar da yawansu ke farawa.

Magungunan kashe zafi na kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, suna taimakawa na 'yan kwanaki domin a samu damar motsa hannun. Shan su wata da watanni kuma yana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda.

Wani ciwon kafaɗar ba na kafaɗa ba ne, kuma tausa ba ta da abin yi a kansa. Zafin kafaɗar hagu da ya zo da nauyin ƙirji, gumi da sarƙewar numfashi na iya zama bugun zuciya, asibiti ake nufa nan take. Ciwon matsarmama kan buga a kafaɗar dama. Zafin da ke sauka har yatsu tare da jin dindiris daga wuya yake tasowa. Mai cutar sikila da kafaɗarsa ta daɗe tana ciwo yana bukatar hoto, domin jini kan daina isa kan ƙashin dantse har ya fara mutuwa. Kafaɗa mai kumburi da zafin jiki, ko ciwon da ya haɗu da rama da tari mai tsawo, su ma aikin likita ne kafin komai.

Mai karatu da kafaɗarsa ta haura wata uku tana damunsa, ya fara zuwa a duba shi a tantance wane iri ne, ya nemi a tura shi sashen gashi, ya kuma nace a koya masa atisayen da zai riƙa yi a gida. Sannan ya ba atisayen mako 12 cikakku kafin ya yanke hukuncin cewa bai yi aiki ba.