Bindigar Aljihu da Dokar Ƙasa: Abin da Ya Kamata Mutumin Kangire Ya Sani

Wata rana da la'asar, a wata majalisa da ke gindin dalbejiya a Kangire, cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, na tarar da samari sun yi dafifi a kan waya ɗaya. Wani Ba'amurke ne a bidiyo ya baje ƙananan bindigogi a kan tebur yana gwada su ɗaya bayan ɗaya: wannan ba ta da nauyi, wannan ta fi lafewa a ƙugu, wannan ta fi cin harsashi. Sai wani saurayi mai fataucin awaki ya ɗago kai ya dubi wani dattijo maharbi da ke kishingiɗe a gefe, ya ce, "Baba, da ku ne, wacce za ku ɗauka?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ka fara tambayar shekara nawa ake yi a gidan yari a kanta tukuna."

Aka yi dariya, amma maganar dattijon ita ce gaskiyar lamarin. A Amurka, gyara na 2 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma a watan Yunin 2022 Kotun Ƙolinsu ta ce 'yancin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje don kare kai. Shi ya sa zaɓen bindigar aljihu a can ya zama kamar zaɓen takalmi a kasuwa. Cibiyar Small Arms Survey da ke Jeniba ta ƙiyasta cewa a 2017 bindigogin da ke hannun fararen hula a Amurka sun kai miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Na Najeriya kuwa ta ƙiyasta su a kan miliyan 6 da ɗoriya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dokar da ke aiki a kanmu ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda ta girmi 'yancin kan ƙasar nan. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashin farko su ne haramtattu: manyan bindigogin yaƙi, bama-bamai, gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu, sai kuma fistol da libarba kowace iri. Waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi irin bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu. Kashi na uku ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma izininta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha.

A lura da inda aka ajiye fistol, wato bindigar aljihu: layi ɗaya da makaman yaƙi. Mutum zai yi mamaki, tunda da kaɗan ta fi tafin hannu. To ƙanƙantar tata ce laifinta. Abin da mutumin bidiyo ke yabo, wato shigewa cikin riga ba a gani, shi ne abin da doka ke gudu. Dubi maharbi idan ya fito da bindigar toka. Ta kusa kai tsawon yaro, tana rataye a kafaɗa, kowa na ganinta tun daga bakin gari. Kafin ya harba sai ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, kuma in ta tashi sau ɗaya sai ya sake ɗuri, har aka yi mata laƙabi da harba-ruga. Haka 'yan bindigar da ke raka sarki a hawan Sallah: a fili suke, an san su, an san iyayensu. Ita kuwa bindigar aljihu tana iya shiga kasuwa, ta shiga masallaci, ta zauna a gidan biki, ba wanda ya sani sai an ji ƙara.

Hukuncin ba na wasa ba ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga babu lasisi yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Dokar fashi da makami ta 1984 ita ma ta tanadi hukunci mai tsanani a kan riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Ƙirar gida ba ta tsira ba, domin ƙera bindiga babu izini laifi ne mai zaman kansa, ga shi kuma irin waɗannan sukan fashe a hannun mai su. Ko bindigogin da aka yarda a nemi lasisinsu, doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta taɓa samu da laifin ta da hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A 2023 ma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar cewa an dakatar da ba da lasisin.

Ba za a ce tsoron saurayin nan na banza ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ke dawowa daga kasuwa da daddare da kuɗin awaki a lalita ya san abin da zuciyarsa ke gaya masa. Mutanen Gwaram, maƙwabtan Birnin Kudu, ba su manta da harin da 'yan bindiga suka kai wa ofishin 'yan sandan garin a watan Afrilun 2014 ba. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina su nemi makamai su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi irin wannan kira a Zamfara, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga baya jihohin biyu suka ɗauki wata hanya: Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa rundunar tsaron al'umma a Katsina a 2023, Gwamna Dauda Lawal ya kafa Askarawan Zamfara a farkon 2024, duk a ƙarƙashin idon hukuma.

Ko da a ce doka ta yarda, fistol ba maganin ɓarayin daji ba ce. Bakinta gajere ne, saitinta na da wuya, kuma ba ta cin dogon zango kamar AK-47 da suke yawo da ita. Inda ta fi yin aiki shi ne cikin gida da cikin gari: hannun yaron da ya ɗaga matashin kai ya gan ta, ko rigimar kan iyakar gona da a da takan ƙare a zauren mai unguwa. Sanda takan bar wurin sulhu, harsashi kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka wanda ke tsoron hanya ya rage yawo da tsabar kuɗi, ya yi tafiya cikin ayari, ya kuma sanar da dagaci ko 'yan sanda duk baƙuwar fuskar da bai yarda da ita ba. Mai bindigar farauta ya tabbatar takardarsa tana nan da rai, ya sauke ɗuri kafin ya shiga gida, ya ajiye ta inda yara ba sa kaiwa. Gwamnati kuma ta sauke nauyin da ke kanta, ta ƙara jami'ai da motocin sintiri a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, domin wanda ya hana talaka makami shi ke da alhakin tsare masa rai da dukiya.