Kaska Da Ɓaunar Gida

Ran kasuwa wani dattijo da ya taɓa ratsawa ta Masar ya tare ni da tambaya. Ya ce ya ga wata baƙar dabba mai kama da ɓauna kwance cikin ruwan Nilu, ana tatsarta, ana huɗa da ita, mutanen can suna ce mata jamusa. Wai shin ita ma kaska tana sa mata ciwo kamar shanunmu? Na ce masa i, amma zancen da tsawo, ya saurare ni a wannan fili.

Ita wannan dabba ba ɓaunar dajinmu ba ce, ta gida ce. Akwai wajen miliyan 200 a duniya, fiye da rabinsu a Indiya, inda ƙidayar 1919 ba ta zo kusa da ta 2019 ba, wadda ta ba da kusan miliyan 110. A Pakistan kuwa fiye da rabin nonon da a ke sha nata ne.

Babbar cutar jinin da kaska ke sa mata a waɗannan ƙasashe, likitocin dabbobi suna ce da ƙwayarta Tileriya anulata. An fara bayyana ta a 1904. Wata kaska mai dogayen ƙafafu, watau Hayaloma, ita ke ɗaukarta. Tana ƙarama ta kan sha jinin dabba mai cutar, ta faɗo, ta shige tsagar bangon ɗakin dabbobi ta yi saɓa, sa'an nan ta hau wata dabba ta zuba mata. Bayan kamar mako biyu sai zazzaɓi ya tashi, kaluluwar gaban kafaɗa ta kumbura, cikin ido ya yi fari, nono ya janye.

To, yaya yawan cutar cikin garke? Jama'a, amsar tana ga irin ƙirgen da aka yi. In marasa lafiya za ka ƙirga, 'yan kaɗan za ka samu, yawancinsu 'ya'ya ne da masu sabuwar haihuwa. In ka ɗebi jinin kunne ka shafa a gilashi ka duba da madubin likita, sai adadin ya ƙaru. In kuwa aka yi awon zamani da ke neman asalin halittar ƙwayar cikin jini, sai a iske ta jikin dabbobi da yawa waɗanda madubi ya wanke. Saboda haka in ka ji wani ya ce kaza cikin ɗari, fara tambayarsa da me ya auna, kuma cikin wane wata, gama cutar ta fi yawa lokacin zafi da damina, sa'ad da kaska ke tashe.

Abin da aka sha gani a Masar da Indiya da Pakistan shi ne, ɓauna ba ta kai shanu kamuwa ba. Fatarta da kauri, ga birgima cikin taɓo, don haka kaska sai ta laɓe ƙarƙashin wutsiya da hantsa. In ta kamu kuma yawanci ta kan warke.

Ni a ganina nan haɗarin ya ke. Wadda ta warke ba ta rabu da ƙwayar ba, tana kiwo lafiya lau tana ciyad da kaska. Manomi ya sayi saniya ruwa biyu, jinin Turai, da kuɗi mai yawa, ya ɗaure ta turke ɗaya da ɓaunarsa, sai saniyar ta kwanta, sau da yawa ba ta tashi. Wanda ya ga yadda ruwa biyun Firisiya da Bunaji ke shan wuyar kaska a nan ƙasarmu ya san irin wannan hasara.

Akwai allura mai suna bufabakon da ke warkarwa in an yi da wuri, ko da ya ke a Tunisiya da Iran an sami ƙwayar da ta daina jin ta. A Indiya ana yi wa shanu ruwa biyu rigakafi. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, aikinsa shi ne ya yaɓe tsagogin bango kafin zafi ya shigo, ya ɗaga wutsiya ya duba ko wane mako, ya kuma ware baƙuwar dabba sai an fesa mata magani.